Yadda Za Ka Zaɓi Antibairos Na Kyauta Don Kwamfutar Gida

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu a kasuwa aka saye su, da yawa kuma na hannu ne. Kafin a miƙa wa mai saye, sai mai shago ya ce bari a zuba maka manhajoji. A sa Office, a sa CorelDraw, a sa abin kallon bidiyo, a ƙarshe a ɗora wani antibairos, wato manhajar kare kwamfuta daga cuta, wanda mai kwamfutar bai ma san sunansa ba. Wata ɗaya ko biyu sai jan rubutu ya fara leƙowa a gefen allo yana cewa wa'adi ya ƙare, a biya kuɗi. Daga nan mutum yake shiga neman na kyauta, kuma a wannan neman ne da yawa suke jawo wa kansu cutar da suke gudu.

Ga inda na tsaya tun daga farko: idan kwamfutarka tana kan Windows 10 ko Windows 11, akwai antibairos na kyauta a cikinta tun daga kamfani, kuma ya ishi yawancin gidaje. Babban aikin shi ne ka tabbatar yana raye, yana samun sabuntawa, kuma ba a ɗaure masa hannu ba. Sai an gama wannan ne za a yi maganar ko akwai dalilin nemo wani.

Mataki na farko: san Windows ɗin da kake kai

Danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver a ɗan akwatin da ya fito, ka danna Enter. Zai nuna maka ko wane Windows ne.

Idan Windows 11 ne, ka wuce mataki na gaba. Idan Windows 10 ne, ka sani cewa kamfanin Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ana shigarsa daga shafin Windows Update, kuma ya ce antibairos ɗin da ke cikin Windows 10 zai ci gaba da karɓar bayanan sababbin cututtuka har Oktoban 2028. Wato kana da ɗan lokaci, amma ka fara tunanin gaba.

Idan kuwa Windows 7 ne, wanda aka yi sallama da shi tun 14 ga Janairu, 2020, ko Windows 8.1 da ya bi sahu a Janairun 2023, to babu antibairos da zai rufe maka ramukan da ke jikin Windows ɗin kansa. Burauzar Chrome ma ta tsaya a kan lamba 109 a waɗannan, ba ta ƙara gaba. Irin wannan kwamfuta ta dace da buga takardu da kallon fim, amma kada a shiga banki ko imel da ita. Wanda ke son ci gaba da morar tsohuwar na'ura a intanet, ya sa a ɗora masa Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, kyauta ne kuma ba shi da nauyi.

Me ya sa nake damuwa da sabuntawar Windows a jagorar antibairos? A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin gwamnati a Birtaniya. Ramin da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da maganinsa tun watan Maris na wannan shekarar. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su ɗauki maganin ba.

Mataki na biyu: leƙa wanda ke ciki

Sunansa Microsoft Defender. Tun Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibairos, kuma a shekarun farko masu gwaji ba su ɗauke shi a bakin komai ba, don makinsa ƙasa yake sosai. Wannan mummunan sunan na da ne har yau yake bin sa a bakin masu gyara. A 'yan shekarun nan kuwa yana yawan cin cikakken maki a ɓangaren kariya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake biya.

Danna Start ka rubuta Windows Security ka buɗe. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi masu Windows na Faransanci za su gan shi da sunan Sécurité Windows, tsarin duk ɗaya ne. Shiga Virus & threat protection, ka gangara zuwa Manage settings. Abubuwa huɗu za ka tabbatar suna kunne: Real-time protection, wanda ke duba kowane fayil a daidai lokacin da aka taɓa shi, Cloud-delivered protection, wanda ke tambayar rumbun Microsoft game da fayil ɗin da bai sani ba, Automatic sample submission, da Tamper Protection, wanda ke hana wata manhaja ta kashe kariyar a ɓoye.

Yanzu ga wurin da nake so ka daɗe. Ci gaba da gangarawa a wannan shafin har ka ga Exclusions, ka buɗe. Wannan jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa ne. A kwamfutar gida ya kamata ka tarar da shi babu komai. Idan ka ga an sa wata folda mai suna irin KMS ko Activator, ko an sa C:, wato babban rumbun ajiyar kwamfutar, gaba ɗaya, to wani ya yi haka ne don manhajar sata ta zauna lafiya. Wanda ya sa C: a wannan jerin ya kashe antibairos ɗin baki ɗaya, ko da yake alamar kore tana nan tana nuna komai lafiya. Goge duk abin da ba kai ka sa ba. Kada ka yi mamaki idan bayan haka Defender ya kama abubuwa ya killace, har Office ɗinka ya fara ƙorafin lasisi. Za mu zo kan wannan.

Wani lokaci za ka buɗe Windows Security ka ga allo fari fat, ko rubutu yana cewa mai kula da na'urar ya taƙaita wannan ɓangaren, alhali kwamfutar gida ce, ba ta ofis ba. Ma'anarsa an kashe Defender daga can ciki, ko kuma Windows ɗin da aka ɗora maka irin wanda aka yi wa kwaskwarima ne aka cire masa kayan tsaro don ya yi sauƙi. Irin wannan ba a gyara shi da ɗora wani antibairos a kai, domin ba ka san me kuma aka saka a ciki ba. Maganinsa shi ne ka kwashe fayilolinka, ka samo filashi mai gigabait 8 ko fiye, ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kansa, a sake ɗora Windows mai tsabta. Kwamfutoci da yawa na HP da Dell da Lenovo da suka zo da Windows daga kamfani lasisinsu yana nan a cikin na'urar, da an hau intanet zai kunna kansa, ba sai an nemi wata dabara ba.

Idan komai daidai ne, koma baya ka danna Protection updates, sannan Check for updates. Duba kwanan watan da ya nuna. In ya wuce mako guda, an bar shi a baya. Daga nan shiga Scan options ka zaɓi Full scan, ka jona caji, ka bar shi. A tsohuwar kwamfuta yana iya cin awa biyu ko fiye, don haka ka zaɓi lokacin da wuta ta tsaya ko batir yake cike.

Kafin ka fita, shiga App & browser control, sannan Reputation-based protection, ka kunna Potentially unwanted app blocking. Shi ne ke tare ƙananan manhajojin talla da ke maƙalewa a jikin abin da ka sauke.

Mataki na uku: shin kana da dalilin canzawa?

Akwai dalilai na gaskiya, kuma mafi ƙarfinsu ya shafe mu kai tsaye. Defender yana dogara sosai da intanet wajen gane sababbin cututtuka. A gwaje-gwajen da ake yi ba tare da intanet ba, an sha ganin kamunsa ya ragu fiye da na wasu kamar Bitdefender da Avast. Kwamfutar da ke zaune a ɗaki, ba a jona ta da wayar hannu sai sau ɗaya a wata, amma kullum ana cusa mata filashi daga shagon buga takardu, tana cikin wannan rukunin.

Ko a nan akwai hanya ba tare da canji ba. Microsoft yana ajiye bayanan Defender a fayil guda da ake iya saukewa daga shafinsa na Security intelligence updates, sunansa mpam-fe.exe. Za ka iya sauke shi a inda data take da araha, ka kawo a filashi, ka danna shi sau biyu a kwamfutar gida, shi kenan ta sabuntu. Ka dai lura ka ɗauki wanda ya dace da kwamfutarka, wato na Windows mai bit 64 ko mai bit 32.

Sauran dalilan su ne: kana son kariyar shafukan bogi da za ta yi aiki a kowace burauza, tunda ta Microsoft ta fi ƙarfi a burauzarsa, Edge, ko kana son manhaja mai sauƙin gani ga iyaye da yara, ko Defender yana jan ƙafar tsohuwar kwamfutarka duk lokacin da kake kwafar manyan fayiloli. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, tsallake zuwa mataki na bakwai. "Kowa yana da shi" ba dalili ba ne.

Mataki na huɗu: wa za ka yarda da shi?

Idan ka rubuta "mafi kyawun antibairos na kyauta" a Google, yawancin shafukan da za su fito ana biyansu la'ada ne a kan duk wanda ya bi ta hannunsu ya saya. Shi ya sa za ka ga sunan da ke kan gaba yana canzawa daga shafi zuwa shafi. Je wurin masu gwaji masu zaman kansu. AV-TEST tana Magdeburg a Jamus, tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama fayil mai lafiya da sunan cuta, jimilla 18. AV-Comparatives tana Innsbruck a Ostiriya, ita ce ke raba sakamakon kamu da intanet da kuma ba intanet, wanda ya fi amfanar mu. Akwai kuma SE Labs a Ingila. Duk sakamakonsu kyauta ake karantawa.

Kada ka tsaya a gwajin wata ɗaya. Duba uku ko huɗu na baya-bayan nan. Wanda ya tsaya a sama a dukkansu shi ne abin dogaro. Bambancin kashi 99.8 da 99.9 kuwa ba abin da za ka ɓata lokaci a kansa ba ne. Ga mai kwamfuta mai ram gigabait 4 da tsohon rumbun ajiya mai juyawa, makin nauyi ya fi wannan ɗan bambancin muhimmanci nesa ba kusa ba. Sunan da ba ka gani a ko ɗaya daga cikin waɗannan wuraren gwaji ba, ka bar shi inda ka gan shi.

Mataki na biyar: me kamfanin yake ci da kyautarsa?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan ɗaruruwan injiniyoyi ba don Allah yake ba ka manhajarsa ba. Mafi sauƙin hanyarsa ita ce ya dame ka da talla har ka sayi na kuɗi: yau ya ce an gano matsaloli da ke rage wa kwamfutarka gudu, gobe ya ce ana ganin adireshinka a intanet, kowanne da maɓallin gyara da ke kai ka shafin biya. Hanya ta biyu ita ce bayanan da yake tarawa. A Janairun 2020 aka bankaɗo cewa Avast yana sayar da tarihin shafukan da masu amfani da shi suke shiga, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 tare da hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: Avast ya sayi AVG a 2016, don haka injinsu ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Avira na Jamus ya koma hannun masu Norton, sannan a 2022 Norton da Avast suka haɗe suka zama Gen Digital. Wanda ya gudu daga Avast ya koma AVG ko Avira yana nan a gida ɗaya.

Ga yadda nake kallon waɗanda suka fi shahara. Bitdefender Antivirus Free, na ƙasar Romaniya, shi ne zan fara miƙa wa wanda ya nace sai ya bar Defender: kamunsa yana da kyau, ba shi da yawan surutu, sai dai sai ka buɗe asusu da imel kafin ya yi aiki, kuma ba shi da wuraren saiti da yawa. Avast da AVG suna da ƙarfin kamu da kayan aiki masu yawa, amma ka shirya wa talla, kuma ka shiga sashen sirri na saitinsu ka kashe raba bayanai. Avira yana zuwa da tarkacen ƙarin manhajoji da ba lallai ka buƙace su ba. Kaspersky na Rasha yana cikin na gaba-gaba a gwaje-gwaje shekara da shekaru, amma gwamnatin Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 saboda zargin alaƙa da gwamnatin Rasha, zargin da kamfanin ya musanta. Hukumar tsaron intanet ta Jamus ma ta yi gargaɗi a kansa a Maris 2022. Wannan hanin bai shafi mai kwamfuta a Kano ko Maraɗi ba, amma idan kana yi wa wata ƙungiya ko kamfani na waje aiki da kwamfutarka, ka tambaye su tukuna.

Biyu kuma ana yawan ɗaukarsu a abin da ba su ba. Malwarebytes na kyauta ba ya gadi dare da rana. Bayan kwanakin gwaji sun ƙare, sai ka kira shi ne yake dubawa. Yana da kyau a matsayin mai duba na biyu. Smadav na Indonesiya, wanda kusan kowane shagon buga takardu ke da shi, masu shi ma da kansu suna cewa kariya ce ta ƙari, musamman don filashi. Wanda ya kashe Defender ya bar Smadav shi kaɗai ya rage wa kansa tsaro ne.

Mataki na shida: ɗorawa

Ƙa'idar ita ce mai gadi ɗaya a ƙofa. Antibairos biyu masu aiki kowane lokaci suna rige-rigen fayil ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ɗaya ya kama ɗayan. Defender ya san wannan: da ka ɗora wani, shi da kansa yake ja baya, da ka cire kuma ya dawo bakin aiki.

Fara da cire tsohon. Shiga Settings, sannan Apps, ka nemo duk wani antibairos da wa'adinsa ya ƙare, irin McAfee ko Norton na gwaji da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, ka cire, ka kashe kwamfutar ka kunna. Wanda wa'adinsa ya ƙare ya fi babu muni, domin yana iya tsare wurin alhali ba ya sabuntuwa. Idan ya ƙi fita da kyau, kamfanonin suna da kayan gogewa na musamman a shafukansu: MCPR na McAfee, Avast Clear na Avast.

Sannan ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka a burauza. Kada ka danna sakamakon farko na bincike idan an rubuta masa alamar talla, domin 'yan damfara suna sayen wannan gurbin su kai ka shafi mai kama da na gaskiya. Kada ka karɓa daga filashin wani, kada ka sauke daga tashar Telegram, kuma duk inda ka ga an ce antibairos na kuɗi ne aka fasa ake bayarwa kyauta, ka gudu. Manhajar da za ka ba ikon shiga kowane lungu na kwamfutarka ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka karɓa daga hannun ɓarawo.

Fayil ɗin farko ƙarami ne, amma zai jawo sauran daga intanet, ɗaruruwan megabait, don haka ka tanadi data. Lokacin ɗorawa kada ka riƙa danna Next ido rufe. Nemi inda aka rubuta Customize, ka cire alamar da ke kan ƙarin burauza, da manhajar share-share, da ta sabunta direbobi. Idan aka nemi lambar katin banki, ka tsaya, ka riga ka kauce hanya. Ma'anarsa na kuɗi mai kwanakin gwaji ne ka ɗauko, kuma ranar da kwanakin suka cika za a cire maka kuɗi. Na kyauta na gaskiya ba ya tambayar kati.

Da ya gama, sa shi ya sabunta kansa, ka yi cikakken bincike sau ɗaya, sannan ka koma Windows Security ka tabbatar sunansa ya bayyana a matsayin mai kariya. Yi amfani da kwamfutar na mako guda. Idan ta koma tafiyar hawainiya, danna Ctrl da Shift da Esc tare ka ga wa ke cinye ƙarfinta. In shi ne, cire shi ka koma Defender, babu asara.

Mataki na bakwai: gwada shi

Akwai wani ɗan fayil da masana suka ƙirƙira don wannan, sunansa EICAR. Haruffa 68 ne kawai, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibairos sun amince su riƙa kama shi kamar cuta. Je eicar.org ka gwada sauke shi. Idan burauza ko antibairos ya tare shi, kariyarka tana aiki. Idan ya sauka ya zauna a folda, ka buɗe shi babu wanda ya ce uffan, koma mataki na biyu, akwai abin da ke kashe.

Fayil ɗin da kake shakka kuma, kamar wanda aka turo maka a imel da sunan takardar ɗaukar aiki ko ta tallafi, za ka iya ɗora shi a virustotal.com, mallakar Google, inda injunan antibairos kusan 70 za su duba shi lokaci guda. Amma abin da ka ɗora a can masu bincike na iya ganinsa, don haka ban da takardar banki, ban da hoton katin shaida.

Filashi, babbar ƙofarmu

A Turai imel ne ya fi kawo cuta. A wurinmu filashi bai bar baya ba. Ɗalibi ya kai aikinsa a buga, ya dawo gida ya tarar duk foldodinsa sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gindi. Fayilolin ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi, kuma danna wannan mai kibiyar shi ne ke tayar da cutar ta shiga kwamfuta.

Don haka idan filashi ya dawo daga waje, kada ka buɗe komai. Danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options. Bayan an share cutar, buɗe Command Prompt, ka rubuta harafin filashin da ɗigo biyu, misali E: ka danna Enter, sannan ka rubuta attrib -h -r -s /s /d *.* ka sake danna Enter. Foldodinka za su bayyana. Kwashe su, ka goge masu kibiyar, ka yi wa filashin fomatin. Wanda zai iya, ya tura takardar ta imel ko WhatsApp zuwa shagon, filashin ya zauna a gida.

Ka kuma buɗe File Explorer ka kunna File name extensions a ƙarƙashin View. Da haka fayil ɗin da ke kiran kansa takarda.pdf alhali takarda.pdf.exe ne zai tonu.

Manhajar sata da masu garkuwa da fayiloli

Nan ne antibairos da yawa ke faɗuwa, kuma ba laifinsu ba ne. Umarnin farko da ke zuwa da kowace manhajar da aka fasa shi ne "kashe antibairos kafin ka ɗora". Mai kwamfuta da hannunsa yake buɗe ƙofa. Akwai dangin cuta mai suna STOP ko Djvu da ya shahara da bin wannan hanyar: ya kulle hotuna da takardu, ya ƙara wasu baƙin haruffa a ƙarshen sunan kowane fayil, ya bar wasiƙa yana neman kuɗin fansa dala 980, ko 490 ga wanda ya yi sauri cikin kwana uku. Wasu kuma ba sa kulle komai, shiru suke kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza, sai dai ka wayi gari an ƙwace maka Facebook ana roƙon kuɗi da sunanka.

Na san lasisin Office da CorelDraw ba ƙaramin kuɗi ba ne a yanayin da ake ciki. Amma LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Word da Excel ɗin kansu ana amfani da su kyauta a burauza da asusun Microsoft. Inkscape da GIMP suna ɗaukar kaso mai yawa na aikin zane da gyaran hoto.

A Windows Security, ƙarƙashin Ransomware protection, akwai Controlled folder access, wanda ke hana baƙuwar manhaja taɓa foldodin takardu da hotuna. Yana da amfani, sai dai yakan tare har manhajoji masu lafiya sai ka ba su izini ɗaya bayan ɗaya, don haka ban cika ba wanda ba ya son wahala shawarar kunna shi ba. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne kwafi: rumbun waje da za ka kwafe muhimman abubuwa a ciki ka zare shi ka ajiye a aljihun tebur. Wanda aka bari a jone, tare za a kulle su. Idan abin ya riga ya faru, kada ka yi gaggawar biya ko fomatin, shafin nomoreransom.org, wanda 'yan sandan Turai da na Holand suka kafa da wasu kamfanonin tsaro a 2016, yana da mabuɗan wasu cututtukan kyauta.

Gargaɗin ƙarya

Idan saƙo ya riƙa fitowa a kusurwar allo da tambarin McAfee ko Norton yana cewa an kama bairos biyar, alhali ba ka da ko ɗayansu, duba ƙasan saƙon da kyau: za ka ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi. Wani shafin sauke fina-finai ne ka taɓa danna wa Allow. A Chrome shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Shafin intanet ba ya iya bincika kwamfutarka, kuma Microsoft ba ya sa lambar waya a allo ya ce ka kira.

Idan kana zargin cuta ta riga ta shiga

Cire intanet tukuna. A Scan options zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi a wani yanayi na daban ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya farka, lokacin da cutar ba ta iya ɓuya. Bayan ta dawo, duba Protection history ka ga abin da aka kama, sannan ka bi da Malwarebytes da ɗan'uwansa AdwCleaner don tarkacen talla. Kalmomin sirri kuwa daga wata na'ura mai tsabta za ka canza su, ka fara da na imel tunda ta nan ake sake saita sauran, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

In kwamfutar ta gida ce da yara da baƙi ke hawa, shiga Settings, Accounts, ka buɗe musu asusu na daban mai matsayin Standard, naka na Administrator ka sa masa kalmar sirri da kai kaɗai ka sani. Duk lokacin da wani ya zo ɗora wasa ko kashe kariya, sai kwamfutar ta nemi wannan kalmar, dole a zo a same ka.